Shuka a Zuci, Girbi a Ina?

A shekarar 1956 wani mai lacca a Amurka, Neville Goddard, ya fitar da ɗan littafi mai suna Seedtime and Harvest, wato lokacin shuka da lokacin girbi. Da za a karanta wa manomin Kura ko na Bunkure wannan suna, sai ya ɗauka littafin malaman gona ne, irin wanda ake sa ran gani a tashar binciken noman rani ta Kadawa. To, babu zancen taki a ciki, babu feshi, babu ranar dashe. Gonar da mutumin yake nufi zuciyar ɗan Adam ce, irin kuwa shi ne abin da mutum ya suranta a ransa har ya ji kamar ya riga ya faru. Hujjojinsa galibi daga Littafi Mai Tsarki na Kirista ya ɗebo su, amma da wani irin karatu wanda fasto ba zai amince da shi ba, balle malamin zaure.

Mutumin ya rasu tun 1972, sai dai koyarwarsa ta sake tsirowa a cikin wayoyi. Saurayin da ke zaune a bakin gona yana korar jan-baki daga shinkafa, waya a hannu, zai iya cin karo da ita a TikTok ko YouTube ba tare da ya taɓa jin sunan mai ita ba. Za a ce masa ya rubuta burinsa sau 3 da safe, sau 6 da rana, sau 9 da dare, ko ya kwanta barci yana jin cewa kuɗin sun riga sun shigo. Tunda abin ya iso har bakin kanal, gara a san daga inda ya taso da yadda aka harhaɗa shi.

An haifi Goddard a tsibirin Barbados a 1905. Yana ɗan shekara 17 ya tafi New York koyon wasan kwaikwayo, ya daɗe yana cin abinci da rawa a dandamali, har karayar arzikin da ta faɗa wa Amurka daga 1929 ta bar shi hannu rabbana. A wannan tsakanin ne, in ji shi, ya haɗu da wani dattijo baƙar fata mutumin Habasha mai suna Abdullah, wanda ya zaunar da shi ya karantar da shi Ibrananci da ilimin asirai na Yahudawa. A 1938 ya fara hawa mumbarin kansa, kuma maganarsa ɗaya ce har ya koma ga Mahaliccinsa: Littafi Mai Tsarki ba tarihi ba ne. Ibrahim da Musa da Dauda da Yesu, a cewarsa, ba mutane ne da suka taka ƙasa ba, halaye ne da zuciya ke shiga tana fita. Ubangijin da littafin ke ambata ma ba wani ne daban da mutum ba, ikon surantawa ne da ke cikin kowa. Duk abin da mutum ya jingina wa kansa a zuci, ko ya ce shi matalauci ne ko ya ce shi mawadaci ne, to ya yi halitta ke nan, sauran kawai ta bayyana. Ba sai an faɗa ba, wannan magana saɓo ce a wurin Kirista, shirka ce a wurin Musulmi. Amma a ajiye hukunci tukuna, a fara ganin yadda karatun yake tafiya.

Misalin da ya fi fito da shi fili yana cikin Littafin Farawa, sura 27. Hausawa Kirista sun san labarin da harshensu tun 1932, lokacin da aka buga cikakkiyar fassarar da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa jagora. Ishaku ya tsufa, idanunsa sun dushe. Ya kira babban ɗansa Isuwa, maharbi mai gargasa, ya aike shi daji ya harbo nama ya dafa masa, don ya ci ya sa masa albarka kafin ya cika. Uwarsu Rifkatu tana jin abin da ake cewa, ita kuwa ƙaramin, Yakubu, ta fi so. Sai ta dafa 'yan awaki biyu, ta sa wa Yakubu tufafin wansa, ta lulluɓe masa hannuwa da wuya da fatar awakin, ta tura shi. Tsohon ya ji muryar ba ta yi masa daidai ba, ya ce yaron ya matso. Ya shafa hannu ya ji gashi, ya sansana tufafi ya ji ƙanshin daji, sai ya saki jiki ya sa albarka. Fitar Yakubu ke da wuya sai ga Isuwa da nasa akushin. Ya yi kuka, ya yi roƙo, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Musulmi mai karatu zai ja numfashi a nan, domin labarin babu shi a Alƙur'ani, kuma a aƙidarsa annabi ba ya yaudara. Kirista kuma ya saba jin mai wa'azi yana cewa Yakubu ya yi laifi, ya girbi abin da ya shuka a gidan kawunsa Laban, alherin Allah ne kawai ya ɗaga shi. Goddard bai bi ta nan ko ta can ba. Ya ce babu mutum huɗu a labarin, mutum ɗaya ne, kai mai karatu. Kai ne Ishaku, makantarka kuwa ita ce rufe ido da kake yi da gangan. Isuwa mai gashi shi ne halin da kake ciki yanzu, wanda ake gani ake taɓawa: ɗakin da kake kwance, bashin mai taki da ke wuyanka, aljihun da babu komai. Aika shi farauta na nufin kawar da hankalinka daga duk waɗannan. Yakubu mai sulɓin jiki shi ne burinka, wanda bai da kauri tukuna. Fatar akuya da aka sa masa ita ce aikin da za ka yi na tufatar da burin da abin ji da taɓawa. Idan babur kake so, kada ka tsaya kana hangensa daga nesa, ka ji sanyin ƙarfensa a tafin hannunka, ka ji warin fetur, ka ji muryar aboki yana yi maka murna. Lokacin da zuciya ta miƙa wuya ta ce lallai wannan gaskiya ne, an sa albarka ke nan. Da ka buɗe ido Isuwa zai dawo, ɗakin yana nan, bashin yana nan, suna cewa ka ruɗi kanka. Goddard ya ce kada ka kula su, albarkar ba ta karɓuwa, gadon ya riga ya koma hannun ƙaramin.

A yi wa mutumin adalci, akwai gwaninta a nan. Kowane lungu na labarin ya sama masa mazauni, har shakkar da tsohon ya yi game da murya. Daga wannan fassara kuma dabararsa ta fito. Lokacin da ya fi so shi ne ɗan tsakanin nan da barci ya fara fizgar mutum amma bai tafi da shi ba. A lokacin za ka ƙirƙiri ɗan gajeren yanayi wanda ba zai auku ba sai bayan buƙata ta biya, ka yi ta maimaita shi har barci ya sace ka. Ba roƙo za ka yi ba, domin mai roƙo yana shaida wa kansa cewa ba shi da abin. Ya sha ba da labarin yadda ya fara gwadawa a ƙarshen 1933. Yana New York ba ko sisi, ga kewar gida. Malaminsa Abdullah ya ce masa ai yana Barbados, ya riƙa kwana a can a zuciyarsa. Bayan 'yan makonni sai ga wasiƙa daga ɗan'uwansa, da kuɗi da tikitin jirgin ruwa. A wurin Goddard wannan ya gama hujja. Ni kuwa abin da nake gani shi ne ɗan gidan 'yan kasuwa wanda danginsa suka so ya zo bikin Kirsimeti.

Ba shi ya fara irin wannan karatu ba. Filo, Bayahuden Iskandariyya da ya yi zamani da Yesu, ya fassara Adamu da hankali, Hauwa'u da gaɓoɓin ji da gani, macijin da sha'awa, ƙasar Masar kuma da gangar jiki. Bayansa da kamar shekara 200, a birnin dai, malamin Kirista Orijen ya ce nassi yana da jiki da rai da ruhu kamar mutum. Galibi abin da ke kai malamai ga wannan hanya shi ne inda zahirin nassi ya yi musu nauyi, ko don ya saɓa wa hankalin zamaninsu, ko don ya jingina wa mutanen kirki abin kunya. Sabon abin da Amurka ta ƙara shi ne mayar da fassarar hanyar biyan buƙata. Wani mai gyaran agogo, Phineas Quimby, wanda ya rasu a 1866, ya koyar da cewa cuta daga gurɓataccen tunani take. Charles Fillmore da matarsa Myrtle suka kafa ƙungiyar Unity a birnin Kansas a 1889, kuma a 1931 aka buga ƙamus guda na Fillmore mai ba kowane suna a littafin ma'ana ta zuci. A lissafinsa almajiran Yesu 12 baiwa 12 ce a cikin mutum, Bitrus bangaskiya, Andarawus ƙarfi, Bartalamawus surantawa. Fim da littafin The Secret na Rhonda Byrne a 2006 suka tankaɗe mafi yawan nassin suka bar dabarar, ita ce kuma ta gangaro cikin wayoyi.

Idan mutum ya karanta irin waɗannan fassarori da dama zai gane hannun da ke yin su. Ana fara cire labari daga ƙasarsa da zamaninsa, Urushalima ta daina zama gari, fir'auna ya daina zama sarki. Sai a koma kan sunaye a tatso ma'anarsu ta Ibrananci, wani lokaci daidai, wani lokaci da ƙarfin tsiya. Lambobi da ranaku ma ba a bar su ba: Asabar ta zama hutun zuciyar da ta gamsu cewa buƙata ta biya, gicciye ya zama kafe buri a rai, tashi daga matattu ya zama bayyanarsa a fili. Abin da ya fi damuna shi ne duk ƙofar da aka shiga, wuri ɗaya ake ɓullowa. Labarin aure, labarin yaƙi, dokar gado, makokin annabi a kan garin da aka rushe, duk amsarsu guda. Alhali Littafi Mai Tsarki cike yake da maganar da ba ta fassaruwa sai a tsakanin mutum da mutum. Annabi Amos ya yi kaca-kaca da 'yan kasuwa masu rage mudu da murɗe ma'auni. Littafin Firistoci ya umarci mai gona kada ya girbe har gefe, kada kuma ya koma tsintar abin da ya zube, ya bar wa matalauci da baƙo. Duk wanda ya taɓa ganin mata da yara suna bin bayan masu bugun shinkafa da 'yan kwanukansu suna kala, ya san wannan doka ba ta buƙatar wata fassarar ɓoye. Idan aka ce matalaucin nan wani hali ne a cikin zuciyar mai gona, to tsohuwar da ta zo kala za ta koma gida da kwano wayam.

Mu ma a nan ba baƙin zahiri da baɗini ba ne. Wanda ya zauna a majalisin tafsirin malaman ɗariƙa a Kano cikin azumi ya ji ana cewa ga ma'anar ayar, ga kuma ishararta. Sai dai malaman da suka buɗe wannan ƙofa sun kafa mata dogari. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki umarnin da aka yi wa Annabi Musa na cire takalmansa a kwari mai tsarki, ya ce isharar ita ce mutum ya tuɓe duniya da lahira daga zuciyarsa in zai fuskanci Ubangiji. Nan take kuma ya ja kunne cewa Annabi Musa ya cire takalma na gaske daga ƙafafu na gaske. Haka ya yi da hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ya ce zuciya gida ce, fushi karenta ne, a kore shi, amma karen da ke tsakar gida ma a fitar da shi. A wurinsa wanda ya jefar da zahiri ya ɓata, wanda ya musanta baɗini ya taƙaita, kamili shi ne mai riƙe da duka biyun. Ya ma rubuta littafi sukutum na raddi ga Baɗiniyya, masu cewa ma'anar ciki ta shafe ta waje. A wannan ma'auni Goddard yana sahun waɗanda Gazali ya yi wa raddi.

Wanda ya fi kusa da shi a cikin malaman Musulunci shi ne Ibn Arabi, mutumin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1240, wanda har gobe ambatonsa kan tayar da ƙura tsakanin malamanmu. A littafinsa Fususul Hikam ya yi dogon bayani a kan duniyar surantawa, ya kuma yarda cewa bawan da ya kai wani matsayi zai iya yin tasiri a waje da himmarsa. Amma ya biyo da maganar da masu bidiyon waya ba za su so ji ba. Ya ce gwargwadon yadda sanin Allah ya ƙaru a zuciyar bawa, gwargwadon yadda yake janye hannunsa daga irin wannan tasarrufi, saboda ya gane shi bawa ne.

Nan ne ainihin mararrabar. Musulmi an koya masa ya yi addu'a yana mai sakankancewa, ya kyautata wa Allah zato. Kirista yana da aya a Markus sura 11 mai kiran mai addu'a ya gaskata cewa ya riga ya samu, kuma tana cikin ayoyin da Goddard ya sha jingina da su. Ita ce dai Kenneth Hagin na Amurka ya gina wa'azinsa a kai, wa'azin furta alheri da baki don a mallake shi, wanda ya shigo Nijeriya da ƙarfi ta hannun irin su Benson Idahosa na birnin Benin. Wani mai bincike, D.R. McConnell, ya kafa hujja a 1988 cewa wannan wa'azi ya sha daga rijiyar su Quimby ta hannun wani mai wa'azi, E.W. Kenyon, wasu kuma suka musanta masa. Ko ma yaya ne, a addinan biyu wanda ake roƙo daban yake da mai roƙo, yana iya bayarwa, yana iya jinkirtawa, yana iya musanyawa da abin da ya fi. Linjila da kanta ta nuna Yesu a lambun Gatsemani yana roƙon a ɗauke masa abin da ke tafe, sannan ya sallama wa nufin Allah. Bahaushe, na masallaci da na coci, ba ya rufe zancen gobe sai da "in Allah ya yarda". A tsarin Goddard wannan "in" ɗin ita ce ɓaraka, domin alamar shakka ce.

Duk da haka ba zan ce babu ƙwayar gaskiya a cikin buhun ba. Mu ne masu cewa fata nagari lamiri, mu ne kuma uwa ke kwaɓar yaro in ya yi wa kansa mugun baki. Wanda ya yanke ƙauna ba ya karɓar hayar gona, ba ya zuba iri a reno. Abin da mutum ya sa a ransa yana juya inda idonsa ke kallo da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa. Tambayar ita ce wane irin hoto ne ke taimako, kuma masana halayyar ɗan Adam sun gwada. A 1999 Lien Pham da Shelley Taylor na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles suka raba ɗalibai kwanaki kaɗan kafin jarrabawa. Wasu aka ce su riƙa suranta kansu sun ci babban maki suna murna. Wasu aka ce su riƙa suranta kansu suna karatun, a ina, da wane lokaci, da wane littafi. Na biyun suka fi daɗewa a kan littafi, suka fi cin maki. Na farkon, masu bin hanyar da ta yi kama da ta Goddard, karatunsu ma raguwa ya yi. Gabriele Oettingen da abokiyar aikinta sun sami makamancin haka a 2002 a kan ɗalibai masu shirin neman aiki: waɗanda suka fi nutsewa cikin daɗin mafarkin samu, su suka fi ƙarancin tura takardun nema, bayan shekara 2 kuma albashinsu ya fi ƙanƙanta. Dalilin a bayyane yake. Zuciya ta riga ta ɗanɗani ladan, sai jiki ya yi sanyi.

Shi ya sa a duk labaran da Littafi Mai Tsarki da Alƙur'ani suka yi tarayya a kansu, na Annabi Yusuf ya fi ba ni sha'awa a wannan babi, domin shi ne labarin da alama da fassara suke tsakiyarsa. Sarki ya yi mafarki ya ga shanu 7 masu ƙiba da 7 ramammu, zangarniya 7 cikakku da 7 busassu. Wannan hoto ne na zuci tsantsa. Da Yusuf ya fassara shi, bai ce wa sarki ya koma ya kwanta ya suranta shanun duka sun yi ƙiba ba. A Littafin Farawa sura 41 shawarar da ya bayar ita ce a naɗa wakilai, a karɓi kashi ɗaya cikin 5 na amfanin shekarun ƙoshi, a tara a birane. A Suratu Yusuf kuma ya ce a yi noma ba ƙaƙƙautawa, abin da aka girbe a bar shi a zangarniyarsa sai ɗan wanda za a ci. Tsoffinmu masu jera damman gero a rumbu ba tare da sun sussuke ba sun san amfanin wannan, hatsi a jikin zangarniya ya fi jure ƙwari da daɗewa. Alamar ta taso daga mafarki ta ƙare a rumbu, kuma rabin abin da ta nuna mummunan labari ne wanda aka karɓa aka yi wa shiri.

Ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam kanta shaida ce a kan abin da surantawa ke iyawa da inda take tsayawa. Akwai lokacin da ganin koren shinkafa da alkama a nan cikin watan Fabrairu sai dai a mafarki. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, da injiniyoyin da suka yi aiki da shi, sun ga abin a zuci kafin kowa ya gan shi da ido. Amma tsakanin hoton da ruwan sai da aka yi awo, aka tare Kogin Kano a Tiga, aikin da aka kammala a 1974 ana tsakiyar farin da ya addabi yankin Sahel. Aka haƙa babban kanal da ke bi ta Ruwan Kanya ya rabu reshen gabas da na yamma, aka tsara hekta 22,000 a kashin farko, aka baje ƙasa don ruwa ya gangara da kansa ba tare da inji ba. Kuma burin bai tabbata kyauta ba. Dubban mutane sun tashi daga garuruwansu da ruwan dam ya cinye. Can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da masunta da makiyaya da manoman fadama suka dogara da ita ta ragu. Cikar burin wani ta zama ragin wani, abin da tsarin Goddard bai tanadar wa gurbi ba, domin ya koyar da cewa sauran mutane ba kowa ba ne face abin da ke cikinka da ya fito waje, suna taka rawar da ka ba su.

A tsaya a kan wannan magana a bakin ƙaramin kanal ranar ban ruwa. Manomi biyu, ɗaya gonarsa tana kusa da ƙofar ruwa, ɗaya tana can ƙarshen layi. Na kusa ya jefa tiyo, fangalinsa ya cika tun hantsi, har ya yi ambaliya a kan hanya. Na ƙarshe yana tsaye da fartanya yana kallon laka, domin kacala da yashi sun shaƙe magudanar, ɗan abin da ya tsallake kuma an tare shi a sama. A ce dukansu biyu sun kwana suna suranta buhunan shinkafa jere a tsakar gida, da yaƙini iri ɗaya. Abin da zai kai ruwa ga na ƙarshe shi ne a fito aikin gayya a yashe kanal, ƙungiyar masu amfani da ruwa ta tsayar da ranar kowa, na sama kuma ya ji kunyar maƙwabcinsa ya ɗauke tiyo in lokacinsa ya cika. Idan aka gaya wa na ƙarshe cewa bushewar gonarsa hoton zuciyarsa ce, an ɗora masa laifin da ba nasa ba, an kuma wanke wanda ya tare ruwan.

Haka abin yake da annoba. A 2016 tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta ratso ta Sifen a 2006 kafin ta iso mana, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda aka buɗe a farkon shekarar, sai da ta dakata saboda rashin kaya. Tsutsar ba ta tambayi mai gona abin da yake tunani kafin barci ba. A shekarar da tumatir ya yi kyau kuma, kowa ya samu lokaci guda, kwando ya faɗi warwas a kasuwar Kwanar Gafan, sai ka ga an yanka an baje a gefen titin Zariya ana kauɗa. Burin kowa ya cika, shi ya sa kowa ya yi asara. Koyarwar tana da amsa a shirye ga duk wannan: in abu ya samu, dabara ta yi aiki, in bai samu ba, kai ne ka yi shakka. Waɗanda suka dace su ke fitowa ba da shaida, waɗanda ba su dace ba sukan yi shiru don kunya, sai mai sauraro ya ɗauka kowa dacewa yake yi.

Shi kansa Goddard bai ƙare a inda mabiyansa na yau suka tsaya ba. Daga 1959 ya fara ba da labarin wasu abubuwa da ya ce ya gani a wahayi, ciki har da sake haihuwarsa daga cikin ƙoƙon kansa. Ya raba koyarwarsa gida biyu, Doka da Alkawari, kamar yadda sunan littafinsa na 1961 ya nuna. Doka ita ce dabarar samun gida da aiki da aure. Alkawari kuwa farkawa ce ta ruhu wadda ya ce ba a samunta da dabara ko ƙoƙari, tana zuwa ne a lokacinta, kuma ita ce ainihin abin da Littafi Mai Tsarki ke magana a kai. Da ya karkata ga wannan sai zauren laccarsa ya fara raguwa, masu shirya masa taro suka gargaɗe shi cewa zai rasa jama'a, ya ƙi sauyawa. Bai kafa coci ba, bai naɗa magaji ba, ya kuma bar masu sauraro su ɗauki muryarsa a faifai kyauta. Waɗannan faya-fayai ne aka kwafe zuwa intanet bayan shekaru, kuma ɓangaren Doka ne ake yayyankawa ana yaɗawa.